Yadda Ake Zaɓen Sifikar da Za Ta Dawo da Jikoki Gida

Kai mai karatu, gyara zama, ka ajiye wayar nan da kake ta latsawa. Abin da zan koya maka ba a aji na samo shi ba, domin ni da makaranta gaisuwa ce kawai ta haɗa mu, ita ma daga nesa. Amma ga alkawari na ɗauka: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ba, ba ka cusa wayonka ba, za ka haɗa wufa da hannunka, wato akwatin nan mai gurnani da ake ajiyewa gefen talabijin, kuma za ka zaɓo masa sifikar da ba a taɓa jin irin muryarta a unguwarku ba. Wannan kam babu tantama.

Misalan da zan kawo duk na wani dattijo ne, za mu kira shi Kafinta, don sana'arsa ke nan tun gashin kansa yana baƙi. Masu neman magana suna cewa ni da shi gemunmu ɗaya, matarmu ɗaya, har tarinmu ɗaya. Kada ka saurare su.

Mataki na 1: Ka samu dalili, kuma ya zama mai zafi

Mutum ba ya tashi haka kawai ya ce zai haɗa wufa. Sai an ɓata masa rai.

Kafinta yana da jikoki biyu ta wajen 'yarsa: mace, wadda yake kira Amarya, da ƙanenta, wanda kowa ke kira Sarkin Ɓarna, saboda dalilan da har yanzu suna nan a zane jikin bangon falo. A da, duk ƙarshen mako a gidansa suke tarewa. Su yi wanka da garin katako, su ɓoye masa fensir, su ɗaure igiyar awonsa a ƙafar kujera. Shi kuma ya yi ta faɗa yana cewa yau sai ya kore su. Faɗan nan shi yake jira tun farkon mako, amma ko za ka yanka shi ba zai faɗa maka ba.

Sai ɗaya kakan, uban mijin 'yar, ya yi ritaya daga ofis ya sayo kayan kallo na kamfani, da wufarsu baƙa mai sheƙi. Mutumin kirki ne, kuma wannan shi ne babban aibinsa. Rimot ba ya barin aljihun rigarsa, har gaisuwar mara lafiya da shi yake zuwa, shi ya sa ake ce masa Mai Rimot. Tun daga nan zuwan yara gidan Kafinta ya koma leƙe. A shigo, a durƙusa, a gaisa, ido na kan ƙofa.

"Amarya, yau ma ba za a kwana ba?" in ji Kafinta. "Ko kin yi sabon miji ne ban sani ba?"

"Kaka, gidanka shiru kamar asibiti. A gidan ɗaya kakan, in jirgi ya tashi a fim, har cikin cikinka kake jin sa."

Sarkin Ɓarna ya ƙara gishiri: "Kai talabijin ɗinka kamar sauro yake magana."

Ranar Kafinta ya ture abincinsa gefe. Uwargida ta dube shi ta ce, "Malam, yara ne fa. Ka ce musu kana kewarsu, shi ke nan."

"Ni? In ce ina kewar wanda ya zauna min a kan tabarau?"

Ka lura da kyau. Hanyar Uwargida gajeriya ce, ba ta buƙatar ƙusa ko ɗaya. Saboda haka ka guje ta. Dattijo ba ya cewa yana kewa. Akwati yake ginawa.

Mataki na 2: Ka fara da akwatin

Masu ilimin abin za su ce maka sifika ake fara zaɓa, sannan a gina mata akwati daidai da ita. Wannan magana ce ta waɗanda ba su taɓa riƙe zarto ba. Kai ka fara da abin da ka iya, abin da ba ka iya ba ya jira a waje.

Kafinta ya sauko da katakon da ya daɗe yana ɓoyewa a saman rumfa, wanda ya hana masu gadon aure da masu kujerar ofis. Ya tambayi Amarya girman wufar Mai Rimot, ta nuna gwiwarta. Ya ce to, tasa sai ƙirji. Ya yanke, ya fere, ya haɗa kusurwa da kusurwa har ba ka iya zura gashi a tsakani, ya goge da samfefa, ya shafa mai har kana ganin haƙoranka a jiki.

Saura ramin gaba, inda sifika za ta zauna. Kada ka wahalar da kanka da tambayar girmansa. Ka shiga kicin ka ɗauko tiren da ya fi kowane faɗi, ka kifa a kan katako, ka zagaye da fensir. In Uwargida ta ce, "Malam, ina za ka kai min tire?" ka ce mata aikin maza ne. Duk abin da ka kira aikin maza, ka samu kwana biyu kafin a gano ba ka san abin da kake yi ba.

Mataki na 3: A kasuwa, kada ka yarda a gane ka

Ka sa rigarka mai kyau ka nufi layin masu kayan lantarki, inda kowane shago ke ƙoƙarin kurmantar da maƙwabcinsa. Kafinta ya wuce manyan shaguna ya tsaya wajen wani Mai Gyara, wanda teburinsa ya cika da hanjin rediyo da warin dalma. Sifikoki rataye a bango, manya da ƙanana, duk sun buɗe baki suna kallon sa.

"Sannu da zuwa, Baba. Me za a ba ka?"

"Sifikar wufa. Wadda in ta yi magana sauran za su yi shiru."

"To, Baba. Akwatin naka lita nawa ne?"

Kafinta ya kalle shi sama da ƙasa. "Ɗana, akwati na ce maka, ba jarka ba."

"A'a, Baba, iskar da ke ciki nake nufi. Kowace sifika da yawan iskar da take so a bayanta. Sannan rufaffe ne, ko ka bar masa hudar numfashi?"

"Huda? Ni da na tsufa ina toshe hudar da wasu suka bari? Ka taɓa ganin aikina da huda?"

"To amfilifayar fa, na'urar ƙara sautin, wat nawa take bayarwa?"

A nan ne ƙananan mutane ke cewa ban sani ba. Kai kada ka kuskura. Kafinta ya gyara hula ya sakar wa yaron karin magana biyu a jere, masu nauyi, waɗanda ko kusa ba su da alaƙa da lantarki. Mai Gyara ya sosa ƙeya ya ce, "Haka ne, Baba." Ka ga an wuce wurin. Amfanin furfura ke nan: ba ta ba ka amsa, amma tana hana a maimaita tambaya.

Mataki na 4: Ka gwada ta yadda ka saba gwaji

Yanzu mun zo zaɓen kansa, ka buɗe kunne.

Mai Gyara ya sauko da guda uku ya jera a tebur, ya fara bayani: wannan tana son ƙaramin akwati rufaffe, wannan tana son babba mai huda, wannan kuwa ta cikin mota ce, a falo ba ta da amfani. Kada ka bari bayanin nan ya shiga kanka. Kana da hannu, kana da hanci.

Kafinta ya ɗaga ta farko ya auna nauyin mayen ƙarfen da ke bayanta, ya ce ba laifi. Ya ƙwanƙwasa ta biyu da bayan yatsa ya kara kunne, kamar mai neman gara a cikin azara. Ya sunsuna ta uku. Daga nan sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi tun yana yaron shago. Duk kafinta na gaskiya, in an miƙa masa katako, sai ya danna babban yatsa a tsakiya ya ji ko ɗanye ne. Ba shawara yake yi ba, yatsan ne ke tafiya da kansa.

A tsakiyar kowace sifika akwai wata 'yar cibiya mai tudu, kamar rabin ƙwallo. Yatsan Kafinta, wanda ya sha guduma har ya zama kamar kan taɓarya, ya sauka a cibiyar ta uku.

Ɓus.

Cibiya ta shige ciki, ta zauna, ba ta da niyyar dawowa.

Mai Gyara ya dafe kai. "Baba!"

"Ɗanya ce," in ji Kafinta.

"Baba, sifika ba ta ɗanyantaka. Ka lotsa ta!"

Maƙwabtan shago suka fara miƙo wuya. Wani ma har ya rage ƙarar kiɗansa don ya ji da kyau. Kafinta ya dubi cibiya, ya dubi jama'a, ya yi gyaran murya.

"Ita na zaɓa. Alama na sa mata don kada a musanya min."

"Ta mota ce fa, Baba."

"Na ce ita na zaɓa. Naɗe min, ka haɗa min da amfilifayar da za ta iya da ita."

To ka ji sirrin da masana ke ɓoyewa. Za su cika maka kunne da wat da lita, amma gaskiyar magana ita ce: wadda ka lotsa, ita ce taka. Zaɓe mafi sauri ke nan, kuma babu mai iya canza maka ra'ayi, ko kai kanka.

Mataki na 5: In ta ƙi zama, ka yi mata ƙofa

Da ya isa gida, Kafinta ya kwantar da akwati rigingine, ya ɗauko sifika da hannu biyu cikin girmamawa, ya ɗora ta a bakin rami. Ta wuce. Sai ƙararta ya ji a can ƙasa. Ashe tiren Uwargida ya fi ta faɗi nesa ba kusa ba.

Ya zura hannu, bai kai ba. Ya zura har kafaɗa, bayansa ya tuna masa da shekarunsa. Ya ce zai kifa akwatin, akwatin ya ce sai dai a kira mutum huɗu.

Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. "Malam, aikin mazan ne ya faɗa rijiya?"

Ya mirgina akwatin a gefe da ƙyar. Ya ɗauko zarto ya buɗe bayan akwatin ya ciro abarsa. Ya yanka zoben katako ya rage bakin ramin gaba, ya ɗaure sifika ta zauna daram. Saura ɓarakar baya. Wani zai mayar da katakon ya liƙe da gam. Amma kafinta ba ya ganin wuri mai kusurwa huɗu a buɗe ya ƙyale shi ba ƙofa. Ya sa mata hinji biyu, da 'yar sakata, da mariƙi na tagulla. Da ya leƙa ya ga duk wannan fili a banza, zuciyarsa ta ƙi. Ya sa kanta biyu a ciki.

Washegari Uwargida ta jera murafan tukwanenta a kai, waɗanda suka daɗe ba su da wurin zama. Ta ce tunda suka yi aure bai taɓa yi mata abu mai amfani irin wannan ba. Ka karɓi yabo duk inda ya fito, kada ka bincika.

Mataki na 6: Ka tara shaidu

Kada ka gwada kai kaɗai tukuna. Mai gwaji a ɓoye bai yarda da aikinsa ba.

Kafinta ya aika wa 'yarsa ta kawo yara da hantsi. Ta kawo su, sai ga Mai Rimot a bayansu, wai ya zo taya murna.

"Malam, wannan ai ɗaki ka gina," in ji shi, yana shafa katakon. "Wallahi aiki ya yi kyau."

"Ɗan abin da ya samu ne, Yallaɓai. Mu ba mu da na kamfani."

Aka zauna. Yara a kan kafet, manya a kujera, akwati ya tokare rabin taga. Aka sa fim ɗin da yaran suka zo da shi, na wani ƙaton dodo mai taka gari. Kafinta ya murɗa amfilifaya har ƙarshe, domin abin da aka sa wa maɓalli ai don a murɗa ne.

Dodo ya fito daga bayan dutse. Ya ɗaga ƙafa. Ya sauke.

Abin da ya fito daga akwatin nan ba gurnani ba ne. Iskar da sifika ta tura ta rasa inda za ta, ta bi ta gefen ƙofar baya, ƙofar ta kama kaɗawa a jikin katako. Prrrrrt. Doguwa, mai kauri, mai lanƙwasa a ƙarshe, irin wadda in ta kuɓuce wa mutum a taro sai ya bar garin. Murafan tukwane suka amsa daga ciki, caccaka-caccaka.

Kowa ya juyo yana kallon akwati. Dodo ya sake taku. Prrrt.

Sarkin Ɓarna ne ya fara. "Kaka! Akwatinka ya yi tusa!"

Amarya ta faɗi a kafet tana riƙe ciki. Uwarsu ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Dodo ya fara gudu, akwati ya bi shi taku bayan taku, bai bar ko ɗaya ba. Da dodo ya buɗe baki zai yi ruri, sakata ta ɓalle, ƙofa ta wangale, murafai suka fito a guje. Ɗaya ya gangara har gaban Mai Rimot, ya yi juyi a kan takalminsa, ya kwanta.

Mai Rimot bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ya ɗauki murfin ya miƙa wa Uwargida da hannu biyu, ya ce a hankali, "Malam, iska ce ke fita. In aka liƙe bayan nan da gam, zai gyaru."

"Na sani, Yallaɓai. Gwaji ne."

Yara suna ihu a mayar baya, a mayar wajen gudun. Kafinta ya zare waya daga bango ya ce kallo ya ƙare. Kunya ta rufe masa ido, bai ma lura ba cewa a ranar sai da uwarsu ta ja su da ƙarfi kafin suka fita.

Mataki na 7: Ka gyara

Kafinta ya kwashe murafai, Uwargida na mita. Ya cire kantoci, ya shafe bakin ƙofa da gam, ya bi da ƙusa, ya toshe duk inda iska za ta iya leƙowa. Ya kunna. Akwati ya yi gurnani, ɗan madaidaici, mai mutunci, kamar dattijo yana gyaran murya a ɗakin taro. Ba abin kunya ko kaɗan.

Ƙarshen mako, tun kafin ya aika, sai ga yara sun faɗo gidan a guje, har da jakar kayan kwana. Da su da 'ya'yan maƙwabtansu biyu da suka ba labari.

"Kaka, kunna! Sa wajen gudun!"

Ya kunna yana shafa gemu. Dodo ya taka. Dum. Ya sake takawa. Dum.

Yaran suka dubi juna. Sarkin Ɓarna ya zagaya bayan akwati, ya ja mariƙin tagulla, ya ji gam.

"Kaka, ka ɓata shi."

"Gyara shi na yi, ja'iri. Haka wufa take."

Amarya ta turo baki. "Yanzu ai irin na gidan ɗaya kakan ne. Kuma nasa ya fi ƙarfi." Ta juya wajen uwarta, wadda ko mayafi ba ta cire ba. "Mama, mu je can kawai."

Sarkin Ɓarna ya sunkuya ya ɗauki jakar kayan kwana.

Mataki na 8: Ka ɓata gyaran

Wannan mataki ya fi duk sauran wuya, kuma ba kowane mai sana'a ke iya shi ba.

Kafinta ya dubi haɗin nan da ya yi, wanda ko ruwa ba zai ratsa ba. A duk rayuwarsa bai taɓa sa ƙarfe ya ɓalle aikin da ya yi daidai ba. Ya dubi jakar da ke hannun yaron. Uwargida tana gefe, ta ɗaga gira.

"Kai, ajiye jakar nan," in ji shi. "Je ka rumfa, ka ɗauko min guduma da kurfi. Kada ka taɓa zarto."

Ya durƙusa a bayan akwati, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kafa kurfi a bakin ƙofa ya buga. Gam ya tsage, katakon da ya hana masu gadon aure ya ɓantare a gefe. Ya runtse ido ya sake bugawa. Ƙofa ta saki.

"Amarya, kunna mu ji."

Prrt.

"Bai kai na da ba, Kaka!"

Ya sassauta hinjin sama. Prrrrt. Ya ce wa Uwargida ta kawo murafai. Ta ce sai ya furta da bakinsa cewa kabad ɗinta ne, ya furta. Aka mayar da kantoci, aka jera. Aka mayar da dodo baya, ya taho da gudu, akwati ya saki wadda ta fi ta ranar farko, har tagar falo ta amsa. Yara huɗu suka zube a ƙasa. Kafinta ya tsaya da guduma a hannu, fuska a murtuke, yana cewa ba ya son hayaniya a gidansa, kuma duk wanda ya taɓa masa fensir yau sai ya kore shi. Jakar kayan kwana tana can bayan kujera, an manta da ita.

Bayan 'yan makonni Mai Rimot ya zo shi kaɗai, ya zauna, ya daɗe yana juya rimot a hannu.

"Malam, akwatina fa... babu yadda za a yi ya riƙa yin irin wannan?"

Kafinta ya girgiza kai cikin tausayi. "Na kamfani ne, Yallaɓai. Ba a koya musu ba. Amma ƙarshen mako ka riƙa zuwa, akwai kujera."

Kashedi

Na gama nawa. In ka bi matakan nan amfilifayarka ta yi hayaƙi, ko Mai Gyara ya hango ka ya rufe shago, ko Uwargida ta mallake akwatin gaba ɗaya, ko baƙi suka zo ana cikin kallo suka riƙa satar kallonka suna matsawa gefe, babu hannuna, babu ƙafata. Ban san ka ba, ban aike ka ba. In kuma jikoki suka tare a gidanka har ka rasa inda za ka miƙe ƙafa, kada ka zo min da kuka, domin kai ka nema. Ƙorafi duk a kai wa Kafinta. Sai dai kada ka je masa a ƙarshen mako. Ba zai ji sallamarka ba.